Alhaki kwikwiyo ne, amma ba kullum yake haushi ba

Na san fotokopi tsada gare ta, kuma na san abin da munka tara na wagga fitowa bai taka kara ya karya ba, saboda haka ba ni dogon share fage. Rigima na zo yi, kuma da kwamitinmu na tace rubutu nake.

Abu biyu sunka faru a zamanmu na ƙarshe. An maido wa ƙanwarmu gajeren labarinta, an ce ba a buga shi sai ta sake ƙarshensa. Sannan an fidda wani littafi daga akwatin ƙungiya, an miƙo mini abina gaban kowa, sai ka ce wanda ya shigo da kare masallaci. Ni da ita dalili guda anka ba mu: babu darasi. Malam sakatare ya ɗaga littafin da yatsa biyu ya ce: "Wanga mi yak koya muna? Mutun ya kashe mutun, kuma a ce mu ji tausai nai? Littahin Annasara na, ba namu na ba." Anka yi dariya, anka zuba shayi na biyu, magana ta wuce. A wurina ba ta wuce ba.

Bari in fara gaya muku ko wane littafi ne, tunda na tabbata cikin mutum biyar na kwamitin babu wanda ya wuce bayan bango.

Bara na tafi Yamai wurin yayana da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni. Ranar komowa na tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, gefen Babbar Kasuwa. Nan na tsince shi tsakanin wani littafin lissafi na tarminal da ƙamus marar bango: L'Inconnu du Nord-Express, ƙaramin bugun aljihu, gara ta ci gindin shafukansa, wani ya goge hatimin da ke ciki da bik har takarda ta huje. Dala ɗari na biya. Mai sayarwa ya ce labarin ƴan sanda ne, in kashe hanya da shi. Fassara ce daga Ingilishi. Sunansa na asali Strangers on a Train, wata Ba'amurkiya ce ta rubuta shi, Patricia Highsmith, haifaffiyar Fort Worth a jihar Texas a 1921. Shi ne littafinta na farko, ya fito a 1950, ba ta cika shekara talatin ba.

Ni ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Dogon da anka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, anka yi bikinsa a 2016, ina kallonsa ta tagar mota awaki na kiwo a kai. Amma na san abin da ke nan na zama kusa da baƙo a doguwar tafiya, ka saki baki ka gaya masa abin da ba ka gaya wa ɗan uwanka, don ka san Doso zai sauka, ba ku sake haɗuwa. Daga irin wanga sakin baki labarin ya tashi.

Guy Haines matashi ne mai zanen gine-gine, mai ilimi, mai kunya, irin wanda uwa ke nuna wa ɗiyanta ta ce ku zama kamar wane. Yana hanyarsa ta zuwa garinsu don ya rabu da matarsa Miriam, wadda ta yi ciki da wani, shi kuma yana son auren wata, Anne. Cikin jirgi ya gamu da Charles Bruno, ɗan mai kuɗi, mashayi, wanda ya ƙi jinin ubansa. Suna ci suna sha sai Bruno ya kawo shawara: mu yi musaya. Ni in kashe maka mata, kai ka kashe mini uba. Tunda babu wanda ya san mun san juna, kuma kowa bai da dalilin kashe wanda ya kashe, wa zai gano mu? Guy bai amsa ba. Ya tashi ya bar wurin, har ya mance littafinsa na Aflatun. Ya ɗauka surutun giya ne.

Bruno ya tafi ya shaƙe Miriam a wani filin wasanni da dare.

To a nan ne littafin ya fara kama ni a wuya, mun wuce Birnin Gaure ke nan. Guy ya gane wanda ya yi kisan. Ba shi ya sa ba, ba shi ya biya ba, yana Meziko lokacin da anka yi. Abin da ya rage gare shi ya tafi wurin ƴan sanda ya buɗe baki. Bai tafi ba. Yau ya ce bai tabbata ba, gobe ya ce za a zarge shi, jibi ya ce aikinsa zai lalace. Can ƙasan zuciyarsa kuwa akwai abin da ya ƙi kallo: mutuwar nan ta yi masa daɗi, ta share masa hanya. Kowace ranar da ya yi shiru sai ta zama igiya a hannun Bruno. Bruno ya dinga aiko wasiƙu, da zanen gidan ubansa, da bindiga, ya rubuta wa Anne takarda marar suna, ya ɓata masa suna wurin masu ba shi aiki. Guy ya daina barci. Wani dare ya tashi ya tafi ya harbe tsohon da bai taɓa yi masa komai ba, a kan gadonsa.

Daga nan kuma, Malam sakatare, ga abin da na san shi ne ya fi ba ka haushi da ka karanta: duniya ta ci gaba da yi wa Guy daɗi. Ya auri Anne. Sunansa ya ɗaukaka, aiki na neman sa. Gobara ba ta ci gidansa ba, bai haukace ya bi bola ba. Mutane na gaishe shi da girmamawa, kowace gaisuwa kuwa kamar mari yake jin ta. Ranar da Bruno ya faɗa teku daga jirgin ruwa, Guy ne ya tsunduma don ya cece shi, mutumin da ya rusa masa rayuwa. Bruno ya nutse. Shaida guda da ke duniya ta tafi, Guy ya tsira ke nan. Sai ya ɗauki ƙafa ya tafi Houston ya nemo Owen, wanda ya yi wa Miriam ciki, ya kai shi ɗakin otel ya zayyana masa komai, don yana ganin shi ne mai haƙƙin jin zafin mutuwarta. Owen na ta shan giyarsa, ko a jikinsa. Bai ma damu da matar ba. Mai bincike Gerard, wanda ya daɗe yana bin sawu, shi ne ya saurari zancen ta wayar tarho, Guy kuma ya miƙa kansa.

Wannan ne littafin da anka ce yana koya kisa. Wallahi duk wanda ya karanta shi ya ji sha'awar kashe ko da kaza ce, to da ciwonsa ya zo.

An ce ba namu ba ne. Giyar ba tamu ba ce, na yarda, jirgin ma ba namu ba ne. Amma ku da kuke ƴan Arewa, jikokin Lugu da Bagaji, ku gaya mini don me kakanninmu ke kai ƙarar sata gaban dutsen Tunguma? Da a ce laifi na fitowa a goshi, da ba a buƙaci dutse ba. Sun san mai laifi na iya zama cikin fada ya fi kowa salati, ya fi kowa cewa Allah ya tona asirin ɓarawo. Yau kuma mun ce a dafa Alƙur'ani, dalilin dai guda ne: cikin mutum duhu ne. A cikin Suratul Ƙiyama an ambaci nafsul lawwama, rai mai zargin kansa. Malamanmu na zaure sun karantar da mu wanga tun ba mu san Amurka na duniya ba. Matar nan ta ɗauki rai mai zargin kansa ta bi shi shafi bayan shafi, yadda yake ƙarya, yadda yake neman uzuri, yadda yake hana mai shi barci. Jiki magayi, in ji Hausawa, har John Tafida da Rupert East sunka sa wa littafinsu wanga suna tun gasar Zariya ta 1933, inda ramuwar Abubakar ta kai Kyauta ga kashe ubansa bai sani ba. A lise kuma an sa mu haddace Samba Diallo na Cheikh Hamidou Kane don mu ci bak, ba wanda ya ce a fidda shi daga akwati don an bar mu cikin ruɗu a ƙarshe.

Abin dariya, Amurkawan ma sun yi nasu kwamitin. A 1951 Alfred Hitchcock ya mai da littafin fim. A zamanin Hollywood na da dokar tace fina-finai mai tsanani, ba a son jarumi ya yi kisa a bar ƴan kallo suna tausaya masa. Sai anka wanke Guy tas: anka mai da shi ɗan wasan tanis, bai kashe kowa ba, mugu guda ne, Bruno, shi kuma lilon wasan yara ya murƙushe shi a ƙarshe. Kowa ya koma gida da farin ciki, don kowa ya ga kansa a cikin mutumin kirki. Fim ne mai kyau, an ce, amma an zare masa ƙashin baya. Abin da kuke son ƙanwarmu ta yi wa labarinta ke nan.

Ga waɗanda ba su ga labarin nata ba: wata mata ce ta ga kishiyarta ta bar garwashi kusa da zana, ta gani sarai, ta yi shiru ta shige ɗaki, don tana son a yi wa kishiyar faɗa. Iska ta taso, rumbu ya ƙone, anka saki kishiyar. Labarin ya ƙare ranar sunan ɗan matar, tana cikin sabon zane, mata na guɗa, an miƙo mata hura ta kasa haɗiyewa. Shi ke nan. Shafi huɗu. Ni dai tun da na shiga ƙungiyar nan ban karanta abin da ya kai shi ba. Kwamiti ya ce a ƙara shafi guda: ko ta haukace, ko ciwo ya kama ta ta yi ikirari a gadon mutuwa, ko jaririn ya mutu. Jaririn fa! Wato a kashe jinjiri da bai san hawa ba bai san sauka ba don mai karatu ya samu darasi.

Ga abin da nake ƙi a cikin irin wanga ƙarshe, kuma ina roƙo ku tsaya ku ji shi da kyau. In kun koya wa mai karatu cewa duk mai laifi gobara na cin shagonsa, kun koya masa abu biyu ba ku sani ba. Kun gaya masa cewa shi da shagonsa bai ƙone ba, bai da laifi, ya kwanta ya yi minshari. Kun kuma gaya masa cewa duk wanda masifa ta samu, shi ya jawo. Daga nan ne muke samun mutanen da ke wuce mahaukaciya a tasha su ce "alhaki na", su wuce gidan mai babbar riga da ya cinye gonar marayu su ce "Allah ya yi mai albarka". Littattafanmu na da hannu a cikin wagga makanta. Kada ku kawo mini Balaraba Ramat Yakubu, na riga ku. I, a cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 Alhaji Abdu ya kori Rabi da ɗiyanta tara, daga baya dukiyarsa ta tafi. Amma ku karanta har ƙarshe ku ga wa anka tilasta wa komawa ta yi jinyar talaucinsa. Rabi ce. Hajiya Balaraba ta fi ku sanin duniya, ta bar ƙaya a cikin tuwon, ku kun tsaya ga sunan littafi. Kuma kada mu mance, a Kano a 2007 an tara littattafan hikaya na Hausa an cinna musu wuta da sunan tarbiyya. Wanda ya fidda littafi daga akwati yau, ashana kawai ta rage masa.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake zafi haka, don na ga wasu na raɗa cewa son a ce na karanta littafin waje ne.

Ƙauyenmu na bayan Kore Mai Ruwa. Da na ci jarrabawar shiga kolej anka kawo ni Dutsi gidan wani abokin mahaifina, ina ce masa Baba, ya riƙe ni kamar ɗansa. Akwai wani almajiri da ke yi wa gidan wanke-wanke da ɗibar ruwa, bai fi shekara goma sha ɗaya ba. Ina aji na uku wani abokina ya ce mini ai ya ga inda Inna ke aje kuɗin cefane, cikin kwano bisa jere. Shi ya faɗa, ni na ɗauka. Jika biyu. Munka ci tsire, munka shiga gidan kallon ƙwallo, saura ya sa a aljihu.

Da dare Inna ta nemi kuɗi. Ba wanda ya kalle ni, ni ɗan lakkol ne, mai kaye da bik, mai gaida mutane a durƙushe. Yaron anka kama. Ina zaune bisa tabarma da littafin tarihi a buɗe, fitila a gabana, ina jin dukan. Yana cewa: "Baba, wallahi ba ni na ba! A kawo Alƙur'ani in dahwa!" Baba ya ce ba a wasa da Littafin Allah a bakin ɓarawo. Da safe anka kai ƙara wurin malaminsu, can ma ya sha wani. Bai sake zuwa gidan ba. Bayan ƴan kwanaki na ji an ce ya gudu daga makarantar.

Ba abin da ya same ni. A shekarar na zo na biyu a aji. Baba ya ɗinka mini rigar salla. Inna ta koma aje kuɗinta a hannuna, wai ni kaɗai ta yarda da shi a gidan. Abokin nan nawa kuwa shekara biyu ina yi masa aikin lissafi, in na yi gardama sai ya yi murmushi ya ce: "Ina labarin tsire?" Na ƙi jininsa, amma in na kwana biyu ban gan shi ba sai in tafi nemansa, don gabansa kaɗai nake zama ba tare da na yi wasan kwaikwayo ba. Da na kai inda Guy ya faɗa teku don ya ceci Bruno, ban tambayi dalili ba. Na rufe littafin, muna shiga Dutsi, duwatsun nan sun yi ja da yamma, na ji kamar in yi amai.

Na karanta littattafai masu darasi sun fi talatin tsakanin wancan dare da bara. Ko guda bai taɓa ni ba. Duk miyagun da ke ciki masu jan ido ne, masu zuwa wurin boka, masu dariyar mugunta. Ban ga kaina cikinsu ba, sai ma in rufe littafi in ce Allah ya ƙara. Sai da wata mata da ba ta san akwai wani gari Dutsi ba ta rubuta labarin mutumin kirki mai kunya da ya yi shiru, sannan na ji an kira sunana.

Ba ina cewa waliyyiya ce ba. Waɗanda sunka rubuta tarihinta bayan ta mutu a Suwizalan a 1995 sun nuna mace ce mai wuyar zama, mai mugun baki a kan Yahudawa da baƙar fata. Da ta gan ni, mai yiwuwa ko hannu ba ta ba ni. Littafin ma na da inda nake jayayya da shi. Ta zana Miriam yadda mai karatu ba zai yi kukanta ba, ta mai da ita abin ƙyama don kisan ya yi sauƙin haɗiya, wanga kuwa zalunci ne a kan matacciya. Kuma duniyar littafin busasshiya ce ƙwarai: mutum na ɗauke da jini a wuya, bai da limami, bai da kawu, bai da tsohuwar da zai durƙusa gabanta, sai mashayi a ɗakin otel. Mu nan mun fi shi gata, an gaya mana ƙofar tuba a buɗe take. Amma an kuma gaya mana sharaɗinta: haƙƙin wani ba ya faɗuwa da istigfari sai ka mayar, ko mai shi ya yafe. To ni in mayar wa wa? Shekara uku yaron na wanke kwanon da na ci tuwo, ban taɓa tambayar sunansa ba, "kai almajiri" muke ce masa. Da hutun nan na tafi makarantar, malamin ya rasu, ɗansa ya ce yara nawa sunka wuce ta nan. Inna na gaya mata watan jiya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce: "Kai ɗiyan ga, tsohon zance. Tashi ka ci tuwo." Ta ƙi karɓar kuɗin. Na fito ina tuna Owen da kwalbarsa.

Malam sakatare, kai yayana ne a ƙungiyar nan, kai ka fara gyara mini rubutu, ban mance ba. Amma a wagga magana ka yi kuskure, kuma ka yi shi da ƙarfin kujera. Dokar ƙungiya ta ce kwamiti na duba harshe da tsawo da abin da zai jawo mana rigima da hukumar makaranta. Ba inda ta ce ku ne masu raba wuta da aljanna ga mutanen cikin labari. Ina neman abu biyu a zaman Asabar. A karanta labarin ƙanwarmu da ƙarfi, yadda ta rubuta shi, shafi huɗu ba ƙari, a kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, kowa da kowa ba kwamiti kaɗai ba. In an ce takarda ce matsala, ni zan biya fotokopin shafukanta, ina da jika biyu da ke cikin kayena tun watan jiya. Sannan a maida littafin cikin akwati.

In an ƙi, yana wurina, ɗakinmu na bayan tasha, duk mai so ya zo ya ara. Mako guda-guda, a rubuta suna. A bi shi a hankali, shafuka goma na ƙarshe sun saki, da zare na ɗaure su.